Ƙarfen Bayan Kujera

Ranar da ta fara ganinsa, yana sauko da injin yanke ciyawa ne daga kan tirela, a filin makarantar da take koyarwa. Injin irin manyan nan ne da ake hawa a tuƙa. A hankali yake tafe da baya, ita kuwa ta saki baki tana kallo har ta manta da allin da ke hannunta.

"Malama, ɗan ja yaran baya, wuƙar tana cilla duwatsu," ya ce yana murmushi.

Daga nan zance ya ƙullu. Ta sa masa suna Mai Ciyawa, shi kuma yana kiranta Furena. Ran da ta yi fushi don bai ɗaga wayarta ba, sai ga saƙo:

"Furena, in ina kan inji waya tana aljihu har sai na kashe shi. Ke kuwa kina zuciya, ba a kashe ki."

Sai dai da Babanta ya ji sana'ar yaron, fuskarsa ta canja. Yayanta, ɗansa namiji tilo, a kan irin wannan injin ya rasu. Kifewa ya yi da shi a gangare, ƙarfen kariya na bayan kujera, wanda ke tare mai tuƙi in inji ya kife, yana kwance don kada ya riƙa kama rassan bishiya. Baba ne ya koya masa aikin, kuma tun ranar bai sake taɓa inji ba.

"Na binne ɗa, ba zan zauna jiran ki binne miji ba," in ji Baba. "Ga ɗan abokina can yana aikin ofis."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ba ta ga laifin Baba ba, wannan ne ma ya fi ci mata rai. Ta rubuta: "Ka yafe min, Baba ya ƙi."

Amsa ta zo: "Ba zan ja da Baba ba. Amma wallahi abinci ya daina wucewa."

Ganin tana ta ramewa, Baba ya sa ta a mota, ya ce gara a kashe maganar gaba da gaba. Suka tarar da Mai Ciyawa ya gama aiki a wani lambu, ya ja birki, ya zare makulli, yana ɗaure injin a kan tirela ta kusurwa huɗu. Ƙarfen bayan kujerar yana tsaye ƙyam.

Baba ya manta abin da ya kawo shi. Ya matsa ya dafa ƙarfen.

"Bishiyoyin nan ba sa kama maka shi?"

"Suna kamawa, Baba. Sai in sauka in yanke ƙarƙashinsu da ƙaramin inji. Ana ɓata lokaci, amma Mama tana jirana a gida."

Sai ta ga kafaɗar Baba tana rawa. Ko a ranar rasuwar yayanta ba ta ga hawayensa ba, sai yau. Suka koma gida.

Kafin sati ya zagayo, da kansa ya ce yaron ya turo manyansa.

Ranar auren ana ta yi musu addu'ar zaman lafiya da zuri'a ta gari. Da aka zo kan Baba, ya riƙe hannun angon da hannu biyu.

"Allah Ya yi muku albarka. Abu ɗaya nake roƙonka, ɗana. Kullum ka dawo mata."