Askar Inna Ƙaltume

Ashafa bai tsaya jingine ɗan babur ɗinsa mobilet ba, ya sake shi ya faɗi a ƙofar asibitin unguwar Larle, ya shiga da baƙin man gareji a hannu. Ya tarar da Raliya, wadda saura mako biyu a ɗaura musu aure, tana jera ƙananan akwatunan ƙarfe a kan benci. Kowanne da sabulu da zare da sababbin reza. Na ungozomomin ƙauye ne, waɗanda aka ɗora mata koyar da su a shekarar nan ta 1985.

"Uwata kika tozarta a gaban mutane, Raliya?"

Ta ce ya zauna. Ya ƙi.

Ya riga ya ji komai a bakin matan Zongo. Da safe an tara ungozomomin gari don a gwada darasin kafin a kai shi daji, aka ce kowacce ta fito da abin da take yanke cibi. Uwarsa, Inna Ƙaltume, ta kwance askarta daga tsumma tana alfahari. Askar nan tare da ayarin goro kakarta ta shigo da ita Wagadugu, kuma ita ta yanke cibin rabin Zongo, har da na Ashafa, har da na Raliyar kanta. Ba a taɓa wanke ta ba. Gogewa ake yi da tsumman a naɗe, don kada ruwa ya tafi da albarkarta. Raliya ta ce irin wannan aska ce ke sa wa jariri ciwon da ke sarƙe masa baki, jikinsa ya sandare kafin ranar suna. Inna ta ce yarinyar da ba ta taɓa jin zafin naƙuda ba ta kama bakinta.

"Sai kika ce mata me?" in ji Ashafa.

"Na tambaye ta ina ɗan Balkisu."

Ashafa ya ji kamar ya kife bencin. Balkisu ƙanwarsa ce. Bara ɗanta ya rasu a kwana na shida, ragon suna na ɗaure a tsakar gida, kuma Inna ce ta karɓi haihuwar da hannunta.

Ya gaya mata hukuncin Inna: ko Raliya ta koma gaban matan nan ta ce ƙarya ta yi, ko kuwa babu bakinta a auren.

"Kalma ɗaya ce, masoyiyata... ki faɗa don ni."

"Na yi kuskure da na ambaci yaron a cikin taro, wannan zan durƙusa in roƙi gafara. Amma ba ƙarya na yi ba." Ta dube shi ido cikin ido. "Cikin Balkisu wata bakwai yanzu. Da wace aska za a yanke, Ashafa?"

Ya juya ya fita.

Yini ya yi a garejinsa na unguwar Dapoya yana dukan ƙarfen da bai yi masa laifi ba. Yana fushi da Raliya don ta rasa inda za ta soki tsohuwa sai a kan jikanta. Yana fushi da Inna don ta sa aurensa a tsakiya. Amma wanda ya fi jin haushi shi ne kansa, domin ya san shi da ba ya mayar da ƙusa mai tsatsa cikin inji, ya daɗe yana ganin tsumman nan yana kawar da kai. Idan ya goyi bayan Raliya, ya ce wa uwarsa ke kika kashe jikanki ke nan. Idan ya goyi bayan uwarsa, wani jaririn zai biya.

Bayan la'asar ya sami Inna a ɗakinta, askar a cinyarta. Ya shigo ne da niyyar lallashi, sai ta riga shi.

"Kai ma ka yarda da maganarta?"

Ya sunkuyar da kai. "Na yarda, Inna."

"Ka san abin da kake ce mini kuwa?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta fara kiran sunaye, ba na jariran ba, don ba su kai ga suna ba, na iyayensu mata: Awa matar mahauci, Salamata, Yalwa har sau biyu... Sai da ta kai goma sha ɗaya, Balkisu ce ta ƙarshe. Ashe duk tana riƙe da su.

"Shekara talatin ina ce wa uwaye Allah ne ya karɓi abinsa. Yau ɗan da na haifa ya zo ya ce mini hannuna ne." Ta nuna masa ƙofa. "Fice mini."

Kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa ba. Raliya ma ba ta neme shi ba.

Ranar tafiya ƙauye, ya je asibitin da hantsi, ya ce wa kansa akwatuna kawai zai taya lodawa. Suna cikin ɗora kaya a mota, babu mai kallon wani, sai ga Inna Ƙaltume da ƙunshin tufafi a ka. Ba ta gaida kowa ba. Ta tsaya gaban Raliya tana huci.

"Ke wa zai saurare ki a can? Tsofaffin ƙauye za su bar yarinya ba miji ba ɗa ta koya musu haihuwa? Ko ɗakin ba za su bari ki leƙa ba."

Raliya ta buɗe baki, Inna ta ɗaga mata hannu.

"Ni zan nuna musu askar. Ni zan faɗi sunayen. Ke ki tsaya a baya da sabulunki."

Raliya ta zube a ƙasa, ta kama ƙafarta tana kuka, tana cewa ta yafe mata abin da ta faɗa a taro.

"Ban yafe ba tukuna. Tashi, kina ɓata mini zane."

Ta juya wajen Ashafa, ta ce ya je ya shaida wa kawunsa ranar aure tana nan inda take, kuma kada ya ɗauka don shi ne, ita dai ba za ta bar wa wani gida yarinya mai wannan taurin kai ba.

Raliya ta goge ido, ta miƙo masa akwati na ƙarshe. Hannunsu ya haɗu a kan murfin.

"Har yanzu ina fushi da ke," ya ce a hankali.

"Na sani, ango. Ka ajiye mini shi, in na dawo ma ƙarasa."

Inna da Raliya suka shiga, direba ya tayar da mota. Inna ta sa hannu cikin akwatin da ke kusa da ita, ta zaro reza ɗaya a cikin takardarta, ta juya ta tana kallo kamar abokiyar gaba. Sannan ta miƙo wa Ashafa ta taga.

"Ka kai ɗakina, ka sa a inda askar take kwana. Kada kowa ya buɗe. Ta Balkisu ce."