Majinyacin Wasa

"Wallahi ba inda za ka sai ka zauna!"

Auta ta tare ƙofar falo da hannu biyu. Mijinta Dogo yana tsaye da makullin bas a hannu, sai leƙen waje yake ta saman kanta.

"Likitata, yanzu zan dawo. Gareji kawai zan leƙa..."

"Kullum gareji! Jibi fa jarrabawata. In na faɗi, kai ka kayar da ni."

Shekararta ta ƙarshe ke nan a makarantar koyon jinya, kuma an tura ta sashen masu shaye-shaye. Jarrabawar ba ta rubutu ba ce. Majinyaci za a zaunar a gabanta ta yi masa tambayoyi, Sista mai kula da sashen tana gefe tana saurare. Ɗaliban kuwa a kan mutanen gida suke gwaji, don haka babu ciwon da Dogo bai yi ba a kan teburin nan. Ya yi hawan jini, ya yi ciwon suga, har mai ciki ya taɓa zama da matashin kai a cikin riga, yana nishi tana dariya har da hawaye.

"Yau kuma me ke damuna?" ya tambaya yana jan kujera.

"Giya da wiwi."

Makullin ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi a kan tebur. Nan da nan ya karkace baki, ya lumshe ido ɗaya, ya fara tangaɗi a zaune.

"Haba Gwanina, ba haka suke zuwa ba! Sista ta ce yawancinsu fes za ka gan su, riga a goge, ga ƙamshin turare. Zauna sosai."

Ya gyara zama. Dariyar da ke fuskarsa ta ragu, amma ita hankalinta na kan hannuwanta da ta mayar ƙarƙashin tebur. Haka Sista ta koya musu: kada a riƙe biro a gaban majinyaci, ganin ana rubutu yana kulle masa baki. Duk tambayar da ya amsa da eh, a lanƙwasa yatsa ɗaya a ɓoye. In biyu sun lanƙwashe, akwai ciwo. In hannu ya cika har an tsallaka ɗayan, ciwon ya yi tsanani.

Ta sauya murya irin ta asibiti. "Sannu da zuwa, Malam. Abin da za ka faɗa a nan zai tsaya. A cikin shekarar nan, ka taɓa zama da niyyar shan kaɗan, sai ka ga ka zarce?"

"Wa ya taɓa zama da niyyar shan da yawa?"

Ta yi dariya, ta lanƙwasa ɗan yatsa. "Ka taɓa ƙoƙarin dainawa?"

"Na sha yi. Na taɓa zubar da kwalba a kwata da safe. Kafin rana ta faɗi ina durƙushe a wurin ina jin haushin kaina."

"Kai! Ashe ɗan wasan kwaikwayo na aura ban sani ba. Abin da kake sha da, yana isar ka yanzu?"

"A da rabin kofi kan ishe ni. Yanzu wannan jiƙa maƙoshi ne."

"Wiwin fa?"

"Ita ce ta barci. In ban sha ba, ido biyu zan kwana, abinci ba ya shiga, ko ƙuda ya wuce sai na ji kamar in yi faɗa da shi."

Murmushin Auta ya tsaya a rabi. Ta tuna lokacin da suka je jinyar Mama suka yi kwanaki a can. Dogo bai runtsa ba, bai ci ba, yana ta gumi yana yi wa kowa tsawa. Ita da kanta ta taɓa goshinsa ta ce zazzaɓi ne, ta saya masa magani, har tana yi wa Mama alfaharin ta gano ciwon da wuri.

"Akwai abin da kake so da, wanda ka bari saboda wannan?"

"Ƙwallo."

Takalmansa na ƙwallo suna bayan ƙofa, ƙura ta rufe su. Ya ce mata gwiwa ce, ta kuwa sha shafa masa man zafi.

"Da safe fa... in ka tashi ba ka sha ba?"

Hannunsa ya ɗora a kan tebur kusa da makullin, yatsun suna ɗan karkarwa. Ta san wannan rawar. Saboda ita ta daina cika masa kofin shayi, tana tsokanarsa wai tsufa ya zo da wuri. Ta tuna maganin jan ido da take saya masa don ya ce hayaƙin motoci ne. Ta tuna cingam da ba ya rabuwa da aljihunsa, da turaren da ke ƙarewa kamar sha ake yi.

A ƙarƙashin tebur hannunta na dama ya riga ya dunƙule. Ta tsallaka na hagu.

"Gwanina... wasa muke yi ko?"

"Ƙarasa tambayoyinki, Likitata."

"Ka taɓa... ka taɓa tuƙi a haka?"

"Ki tsallake wannan."

"Ba a tsallakewa."

Ya sunkuyar da kai. Bas ɗin na Yayanta ne, 'yan makaranta Dogo ke ɗauka da shi kullum safe, kuma tagwayen Yaya su ke zama a kujerar da ke bayansa suna kiransa Kawu.

"Tun tambaya ta biyu na daina wasa," ya ce a hankali. "Na daɗe ina neman bakin da zan faɗa miki. Yau da kika ce min Malam, sai na ji kamar da baƙuwa nake magana, shi ya sa ya fito."

Ta fashe da kuka. Ba ta san wace kunya ta fi ba, tasa ko tata. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ita ruwa ya cika nata ɗakin tana ciki tana karatun yadda ake gane yoyon ɗakin wasu.

"Na daina! Wallahi daga yau na daina, ko ɗigo..."

"Ba za ka iya haka ba!" ta katse shi cikin kuka. "Wanda hannunsa ke rawa in ya yanke giya lokaci ɗaya, jijjiga na iya kama shi, har a rasa shi. Sai a asibiti, da magani, ana kallonka."

"To zan zo wajenku."

"A'a!"

Kalmar ta fita kafin ta kama ta. Sashen nasu ne kaɗai a kusa, ita ma ta sani. Amma abin da ta hango shi ne bencin da majinyata ke jira, da ƙawayenta suna wucewa suna satar kallo, da ita da ke tsayawa kullum tana gaya wa mutane wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, ba abin kunya ba ne. Wanzami dai ba ya son jarfa.

"Za mu nemi wani wurin... mai nisa. Inda ba a san mu ba."

Dogo ya dube ta. "Na gane," ya ce. Ya ɗauki makullin ya miƙe.

"Ina za ka?"

"Wajen mai bas. A ƙafa."

Kafin rana ta faɗi Yaya ya iso, ko sallama bai tsaya yi ba. Shi ne ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, shi ke biya mata makaranta. Bai so auren ba, amma da ta kafe sai ya haƙura, har ya damƙa wa Dogo bas don kada ƙanwarsa ta wahala.

"'Ya'yana, Auta! 'Ya'yan mutane! Kuma ke kina cikin gidan, ke mai karatun asibiti, ba ki gani ba?"

"Yaya, ka yi haƙuri..."

"Ɗauko jakarki. Ban ce a kashe aure ba tukuna, amma ba za ki kwana a nan ba."

Ta dubi Dogo. Yana tsaye a jikin bango kamar baƙo a gidansa. Ta so ya ce kada ta tafi, shi kuma ya so ta ce ba za ta ba. Ta bi bayan Yaya.

Washegari ta kira wayarsa ya fi a ƙirga, in ta fara ƙara sai ta kashe. Me za ta ce masa? Mutumin ya tuɓe mata cikinsa, ita kuma abin da ta fara tunawa shi ne idon ƙawayenta.

Ranar jarrabawa ta shiga sashen da fararen kaya da kumburarrun idanu. Ɗalibai na jere a baranda, kowa na jiran a kira shi, don sababbin majinyatan ranar ake raba musu. Ta ɗaga kai ta dubi bencin.

Dogo yana can a ƙarshen benci, farar riga a goge, katin asibiti a hannu yana rawa. Idonsu ya haɗu. Sai ya kawar da kai ya ƙura wa bango ido, kamar bai taɓa ganinta ba a duniya. Don ita ya yi, ta kuma sani. Babu wanda ya san fuskarsa a nan, domin kullum a bakin titi take cewa ya sauke ta.

"Allah sarki, ji wancan dogon," wata ƙawarta ta raɗa mata. "Kamar na kirki. Ko wace baiwar Allah ce ke fama da shi a gida?"

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Sista ta leƙo daga ɗaki, tabarau a ƙarshen hanci, ta nuna Auta. "Ke, shigo. Kai ma mai farar riga, bismillah."

Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, kujerar ma'aikaci a ciki, biyu a waje, ta majinyaci da ta wanda ya rako shi. An bar ƙofa a buɗe saboda zafi. Auta ta zauna a kujerar ciki, ta mayar da hannuwanta ƙarƙashin tebur. Duk amsoshin tana da su. In ta yi shiru, babu ɗalibar da za ta kai ta maki yau, kuma Dogo ba zai taɓa tona ta ba.

Sista ta dube shi. "Malam, kafin mu fara, da wa ka zo? Aikin nan ba ya yiwuwa mutum shi kaɗai, muna son wani na gida."

"Ni kaɗai ne, Sista."

"Ba ka da iyali?"

"Ta yi tafiya."

"Ba komai, ma yi maganar daga baya." Ta juya ga Auta. "Fara."

Auta ta buɗe baki. Sannu da zuwa, Malam... Sai idonta ya sauka a kan Dogo. Katin da ke hannunsa yana ta kaɗawa, yana ƙoƙarin danne shi da ɗayan hannun don kada ta gani.

Ta miƙe tsaye.

"Sista, ba zan iya ba. Doka ta hana mu duba na gida."

"Na gida?"

"Mijina ne." Muryarta ta fito har baranda, surutun ɗalibai ya ɗauke ɗif. "Mijina ne, Sista. Ba tafiya na yi ba, gudu na yi. Kuma ni ce ban gane ba, a gabana abin ya yi ta girma ina ba shi maganin zazzaɓi."

"Likitata, me ya sa..." Hawaye suka hana shi ƙarasawa.

Sista ta cire tabarau ta goge a hankali. "Da yawanmu a gida muka makance, 'yata. Jarrabawarki sai wani makon. Yanzu tashi daga kujerata."

Auta ta zagaya teburin, a gaban idanun da ke leƙe ta ƙofa, ta zauna a kujerar mai rakiya. Fuskarta na zafi, kunyar ba ta tafi ko'ina ba, amma ta zauna.

"Wa ya kawo ka?" ta raɗa masa.

"Yaya. Duk hanya bai ce min uffan ba. Da zan sauka ne ya ce zai jira a waje."

Sista ta rufe ƙofa, ta zauna, ta mayar da nata hannuwan ƙarƙashin tebur.

"To Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A cikin shekarar nan, ka taɓa zama da niyyar shan kaɗan, sai ka ga ka zarce?"

"Eh," in ji Dogo.

Auta ta miƙa hannu ta kama nasa mai rawa, ta ɗora su biyun a kan tebur inda kowa zai gani.