Lambar da Aka Goge da Lemon Tsami

Yau babu Iya Turai a Kurfi. An rufe ɗakinta, an naɗe tabarmarta. Yaran da suke zama gabanta bayan la'asar sun rasa mai ba su labari. Akwai labari ɗaya da ba ta gajiya da maimaita shi, na tafiyarta Sudan tare da jikarta. Ga yadda abin ya faru.

A shekarar 1964 wasiƙa ta zo wa Iya daga yayanta Sodangi. Tun tana amarya ya tafi aikin hajji a ƙasa. A hanyar dawowa ya zauna a Sudan, bai sake taka Kurfi ba. Wasiƙar ta ce tsufa ya kama shi, ƙafa ta ƙi, kuma yana so ya ga ƙanwarsa.

Ɗan Iya, Malam Ilu mai fataucin hatsi, ya ce, "Inna, ni zan kai ki."

"Sai dai da takwarata," in ji Iya. "Idona ya yi rauni. Wa zai riƙe mini hannu?"

Takwarar ita ce 'yar Malam Ilu, mai shekara goma. Sunan Iya aka sa mata, shi ya sa mahaifinta ba ya kiran sunan. Uwata yake ce mata.

Malam Ilu ya nemo musu fasfo. Saura lamba, wato rigakafin cutar agana, wadda ake tsagawa a dantse. Aka sa ranar zuwa Dutsin-Ma.

Yarinyar ta gaya wa ƙawarta Hasana a makaranta. Hasana ta zaro ido.

"Lamba? Tab! Hannunki zai kumbura kamar tulu. Ga zazzaɓi, ga ƙaiƙayi."

"To, yaya zan yi?"

"Ke ma dai! Ki tafi da lemon tsami. Ana gama tsagawa, ki goge wurin sosai. Ba za ta kama ba. Haka yayata ta yi."

A Dutsin-Ma malamin asibiti ya yi musu lamba su uku. Ya rubuta ranar a kati, ya ce, "Kada a wanke, kada a sosa." Suna fitowa yarinyar ta ce za ta zagaya. Ta ɓuya a bayan wata dalbejiya, ta matse lemon a kan tsagar, ta goge da bakin zanenta. Ta dawo tana murmushi.

Kwanaki suka wuce. Iya ta yi ta ƙorafin ƙaiƙayi, amma hannun yarinyar sumul. Kullum tana rufe shi da mayafi. A ranta tana cewa ta fi kowa wayo.

Suka hau mota daga Kurfi zuwa Katsina, daga nan Kano, daga nan Maiduguri. Suka ƙetare iyaka, suka sauka a Fallomi, a ƙasar Chadi. Lokacin bazara ne, zafi kamar a bakin murhu.

"Baba, ba mun iso ba?" in ji yarinyar.

"Da sauran tafiya, Uwata. A nan za mu nemi biza."

"Mece ce biza?"

"Fasfo izinin fita ne daga ƙasarmu. Biza kuwa izinin shiga ƙasar wasu ne. Kamar sallama ce a ƙofar gida. Sai an amsa miki za ki shiga."

Malam Ilu ya sami motar da za ta tashi ranar Alhamis. Direban ya ce su hanzarta. Da zarar ruwa ya sauka, hanyar takan zama laka, babu motar da za ta sake bi sai bayan damina.

Ranar Talata da safe suka je ofishin biza. Ma'aikacin yana jin Hausa, domin Hausawa da yawa suna bi ta wurinsa. Ya karɓi fasfo da hotuna da katin lamba.

"Me za ku je yi?"

"Ziyara ce. Mahaifiyata za ta ga yayanta."

"Madalla. Kowa ya nuna dantsensa."

Malam Ilu ya nuna. Iya ta nuna. Ma'aikacin ya gyaɗa kai. Da ya zo kan yarinyar, sai ya tsaya. Ya duba hagu, ya duba dama.

"Wannan lambar ba ta kama ba. Babu tabo."

"Ai ga kati," in ji Malam Ilu.

"Kati ya ce an yi. Hannu ya ce ba ta kama ba. Ba zan ba ta biza ba sai an sake, kuma an jira kwana takwas."

"Kwana takwas! Motarmu jibi za ta tashi."

"Ka yi haƙuri, Malam. Agana ba ta san haƙuri ba. In ta shiga gari, yara take fara ɗauka."

Suka fito suka zauna a inuwa. Ran Malam Ilu ya ɓaci.

"Wannan aikin malamin asibitin nan ne," ya ce. "Sakaci ya yi. In na koma Dutsin-Ma sai na kai ƙararsa."

 Iya ta juya fuska gabas, tana share ido da gefen mayafi. Yarinyar ta dube ta. Ta tuna malamin da ya yi aikinsa tsakani da Allah. 

"Baba, ba laifinsa ba ne."

"Na wa ne?"

"Nawa ne. Ni na goge ta da lemon tsami a bayan bishiya. Tsoron kumburi na ji."

 Malam Ilu ya ce, "Uwata, kin ga inda lemo guda ya kawo mu?"

Yarinyar ta fashe da kuka. "Ku tafi ku bar ni a masauki. Iya ta ga Baba Sodangi."

"Ji mini yarinya!" in ji Iya. "In bar ki a garin da ba ki san ko sunan gishiri ba? Tashi mu je a sake tsaga miki. Wannan karon ni zan tsare bayan bishiya."

A ranar aka sake yi mata lamba. Ba ta ko runtse ido ba.

Ranar Alhamis suna tsaye motarsu ta tashi. Suka bi ta da kallo har ta ɓace. Iya ta ce, "Allah ya kai su lafiya," ta koma ciki.

A kwana na huɗu wurin ya yi ja, ya fara ƙaiƙayi. Yarinyar ta zauna a kan hannunta na dama don kada ta sosa. A kwana na shida zazzaɓi ya zo. Iya ta dama mata kunu.

"Ina tulun da aka ce hannunki zai zama?" in ji Iya.

Yarinyar ta duba. "Bai kai ko ƙwayar gujiya ba."

"To, kin gani. Saboda ƙwayar gujiya muke zaune."

Kowace yamma hadari yana haɗuwa a gabas. Malam Ilu yakan fita ya dubi sama, ya tafi tasha, ya dawo. A kwana na bakwai ya shigo da sauri.

"Akwai motar goro guda ɗaya. Jibi za ta tashi. Direban ya ce ita ce ta ƙarshe a bana."

Washegari yarinyar ce ta fara shiga ofis. Tun kafin a tambaye ta ta yaye mayafi, ta miƙa dantse.

Ma'aikacin ya duba, ya yi dariya. "Yauwa! Wannan ita ce lamba." Ya ɗauki hatimi, ya buga a fasfo uku. Tim! Tim! Tim!

Suka yi kwana tara a kan buhunan goro. Sau biyu yayyafi ya taɓa su, amma hanya ba ta rufe ba. Ranar da suka isa garin da Sodangi yake, yarinyar ta riƙe hannun Iya har ƙofar gida. Wani tsoho yana zaune a kan buzu.

Iya ta yi sallama. Tsohon ya ɗaga kai da sauri.

"Wannan muryar Kurfi ce. Turai?"

"Ni ce, Yaya."

"Kai! Haka kika tsufa?"

"Kai fa? Ina haƙoranka?"

Suka yi dariya, suka yi kuka, suka sake dariya. Kafin la'asar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Malam Ilu ya dubi ruwan, ya dubi 'yarsa. "Da mun ƙara kwana ɗaya, da ba su gana ba. Me kika koya, Uwata?"

"Kada in guje wa ƙaramar wahala ta hanyar dabara. Kuma in na ji tsoro, in gaya wa manya, ba in ɓoye ba."

"Haka ne. Kuma kin faɗi gaskiya lokacin da faɗinta yake da wuya. Wannan ma ki riƙe shi."

Yara, ku ma ku riƙe wannan. Abin da likita da iyaye suka ce a yi, don lafiyarku ne. Dabarar ɓoye takan cuci wanda bai ji ba bai gani ba. In kun yi kuskure, ku faɗa da wuri.

Yanzu ku ɗaga hannu mu roƙa tare. Allah ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka riga mu. Allah ya sada duk wanda ya rabu da ɗan'uwansa. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya. Ku ce amin.