Jar Jaguar ta Ƙofar Sauri

"Kwanta, tsoho! Kwanta!"

Malam Abba mai gadi bai kwanta ba. Ya ruga wajen ƙofa — tau! Salihu, shugaban 'yan fashin, ya harbe shi a baya. Juma'a ce, mazan unguwa duk suna masallaci, har da maigidan, Alhaji Sammani.

Sagiru, direban 'yan fashin, ya yaye tamfol a gareji. Motoci biyu: farar Porsche ta 1987, da jar Jaguar ta 1963 mai dogon hanci. Direba kuwa shi kaɗai ne.

"Farar za ka ja," in ji Salihu. "Ta fi gudu."

"Gudu kawai ta fi ta, Oga. Shekara shida na yi a garejin da ake gyara su. Jar nan fentinta na asali ne, injinta wanda ta fito da shi daga kamfani. Ita masu tara tsofaffin motoci ke hauka a kai."

"Wagga tsohuwar, sa'ar babana?"

"Wallahi ita ce kayan."

Salihu ya danna mishi bakin bindiga a wuya. "In ba ta sayu ba, kai ne a bakinta."

Inji ya yi gurnani. Suka fice, Hussaini ƙanen Salihu na bin su a babur.

Da aka sauko daga masallaci, Alhaji Sammani ya durƙusa gaban gawar Malam Abba. Sufeton 'yan sanda ya tambayi lambar mota.

"Wace lamba?" Alhaji ya daka mishi tsawa. "Irinta guda ce a garin nan! Ku tare hanyoyi!"

'Yan fashin kuwa suka ɓoye motar a wani kango a bayan gari. Sagiru ya tafi Jibiya ɗauko dillali, bayan ya ja kunnensu kada wanda ya taɓa ta. Bayan kwana uku ya dawo da shi da rana tsaka. Tun daga ƙofa warin fenti ya buge shi.

Mota ta zama baƙa wuluk.

Hussaini na tsaye da giranda, injin goge ƙarfe, yana washe baki. "Na gyara ta, baaba. Lambar inji, lambar bodi, duk na goge. Kamar kullum."

Dillali ya buɗe bonet, ya shafa wurin da yatsa, ya rufe. "Abin da na zo saye ke nan kuka kankare. Yanzu mi zan nuna wa mai saye? Ku kai wa 'yan gwangwan." Ya kama hanyarsa.

Sagiru ya shaƙe wuyan Hussaini. "Jaki! Ɗan iska! Ka ɗauka Golf ce? An kashe tsoho a kan motar nan!"

"Sake shi!" Salihu ya ɗana bindiga. "Ni na sa shi. Da farar muka ɗauko da tuni ta tsallake iyaka. Shiga, ja mu daji. Can za mu ƙone ta."

Kujera biyu ce a motar. Salihu ya zauna, bindiga a haƙarƙarin Sagiru. Sagiru ya san ba mota kaɗai za a ƙone ba.

A mararraba bai karya daji ba. Ya miƙe gari, ya taka totur har ƙasa.

"Juya! Juya, shege!"

"Ka ce ba ta gudu, Oga. To duba!"

Ɗari da ashirin — ɗari da hamsin! Babur ɗin Hussaini ya ɓace a madubi. Ga shingen 'yan sanda nan gaba. Tau! Salihu ya harba, wuta ta ratsa cikin Sagiru. Ya danne birki da sauran ƙarfinsa, goshin Salihu ya fasa gilas, bindiga ta faɗi.

Kafin la'asar an kamo Hussaini. Sagiru bai kai asibiti ba.

A caji ofis aka nuna wa Alhaji Sammani baƙar mota. Ya zagaye ta sau ɗaya, ya leƙa inda lambar take a da.

"Taka ce, Alhaji?" in ji Sufeto.

"Ban san ta ba," ya ce. "Ku ba ni hanya. Yau sadakar ukun Malam Abba."