Gobara a Ranar Masoya

Umma na zaune a falo tana ninke wanki, Auta ta durƙusa a gefenta tana murza bakin mayafi. Tun kamawar Fabrairu zance ɗaya ake yi a gidan: Dogo, ɗan kwana-kwanan da ke neman Auta, yana son turo magabatansa, Umma ta ce ba da yawunta ba.

"Umma, don Allah mene ne aibinsa?"

"Ba shi da aibi, aikinsa ne ba na so! Kowa na gudun wuta, shi yana faɗa mata. Babanku direba ne, da safe ya fita ya ce in ajiye masa abinci, gawarsa aka kawo min. Ba zan zuba ido ki ɗanɗana abin da na ɗanɗana ba."

Hawaye suka zubo wa Auta. Sai ga yayarta, wadda ake wa laƙabi da 'Yar Gayu, ta fito cikin jar doguwar riga tana feshe jiki da turare.

"Ke dai Auta kin cika naci! Yau ranar masoya, kowace budurwa ta samu fure da kek, ke ko fulashin bai yi miki ba. Wai yana duti!"

"Ke kuma ina zuwa haka ja-wur?" in ji Umma.

"Bazday ɗin ƙawata, Umma. Yanzu zan dawo."

Auta ta san ƙarya ce. Fatin masoya ake yi a wani zaure da ke saman shagunan bakin titi, saurayin yayar ne ya gayyace ta. Ta haɗiye maganar don gudun fitina.

Bayan la'asar aka fara jin jiniya, wata na bin wata. Maƙwabciyarsu ta faɗo gidan ko sallama babu.

"Kun ji kuwa? Janareta ya fashe a zauren da yaran nan ke fati! Wuta ta tare matattakala, mutane na sama!"

Auta ta juya ta dubi mahaifiyarta. "Umma... Yaya tana can."

"Tana ina?!"

Ba ta jira amsa ba. Takalmi wari-wari ta zura, suka fita da gudu.

Tun daga nesa hayaƙi ya turnuƙe sama. 'Yan mata na zube a bakin titi suna tari, jajayen kayansu sun koma baƙi. Umma ta riƙa ɗaga fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, babu 'yarta. Auta ta kira wayar yayar, tana shiga ba a ɗauka. 'Yan sanda suka tare su da igiya.

Can Auta ta hango Dogo, tsawonsa ne ya nuna mata shi cikin 'yan kwana-kwana masu hular kwano.

"Dogo! Yaya na ciki! Jar doguwar riga!"

Ya waiwayo sau ɗaya, ya ja abin shaƙar iska ya rufe fuska, ya hau tsani ya shige ta taga.

Shiru. Gilasai na fashewa, ruwan mesa na zuba kamar ba ya taɓa wutar. Sai ƙara — rim! Gefen rufin ya rufta.

"Kowa ya fito!" shugabansu ya daka tsawa. Suka yi ta saukowa, babu Dogo.

 Umma ta rungume Auta. "Ya Allah, ka fito min da su," take ta maimaitawa. "Su duka biyun, ya Allah!"

Wani ya kwatsa ihu yana nuna tagar ƙarshe. Ga Dogo nan, 'Yar Gayu a saɓe a kafaɗarsa, hannun rigarsa na hayaƙi. Aka matsar da tsani. A hankali ya sauko, yana miƙa ta ya zube.

A asibiti likita ya ce yarinyar hayaƙi ta shaƙa, za ta tashi. Dogo kuwa ya ƙone a hannu da wuya. A bakin ɗakinsa Umma ta tarar da wata dattijuwa tana jan carbi, aka ce mahaifiyarsa ce.

"Baiwar Allah, yaya kike iya barinsa ya fita?"

"Kullum ya sa ƙafa ya fita sai tsoro ya kama ni," in ji dattijuwar. "Amma in na hana shi, 'yar wa za a bari a ciki?"

Umma ta fashe da kuka. Ta share ido ta shiga, Auta na biye da ita. Dogo ya yunƙura zai gaishe ta.

"Kwanta, ɗana. Tsoron nan bai bar ni ba, ban kuma ce zai bar ni ba. Amma ka warke ka turo magabatanka."

"Na gode, Umma." Ya saci kallon Auta. "Ki yi haƙuri, yau ko waya ban yi miki ba."

Dariya da kuka suka haɗe mata lokaci guda.

'Yar Gayu ta farfaɗo ta nemi gafarar Umma, ita ce ma ta fi kowa rawar ƙafa a bikin Auta da Dogo. Auta ba ta taɓa ɗaga wa mahaifiyarta murya ba, ba ta kuma saki wanda take so ba, Allah ya haɗa mata duka biyun. Masoyi na gaskiya a ranar tashin hankali ake gane shi, mai haƙuri kuma shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.