Abin da Safiyatu Ta Zuba a Tsagin Dutse

Washegarin Babbar Sallah, bayan la'asar, Safiyatu ta sauke tukunyar suya, ta ɗebi rabon mahaifiyarta a ƙwarya ta rufe da faifai. Ta goya ɗiyarta Lami, jaririyar da ko zama ba ta fara ba, ta tamke majanyi. Mijinta Sahabi yana ƙofar gida yana shanya fatar rago.

"Rana ta yi sanyi," in ji shi. "Ki bari sai da safe mana."

"Inna ta sake kwana ba ta ɗanɗani layyarmu ba? Yanzu zan kai, in kwana can, in juyo da sassafe."

Ya ci gaba da shanya fatarsa. Duk wanda ya san Safiyatu ya san in ta ɗaura zani ta gama shawara.

Zamanin ne da Katsina ke bin Sakkwato, mutanen Maraɗi kuwa ba su haƙura da ƙasar ba. Da wuya rani ya wuce ba su ratso daji sun faɗa wa ƙauyukan Ruma ba. Ƙauyen su Safiyatu yana bakin dajin, mahaifiyarta Asta kuma tana wata 'yar unguwa ta wajen Babban Duhu. Hanya biyu ce. Ta rafi tana da nisa. Ta gindin dutse yanke ce, sai dai shekara guda ke nan Safiyatu ba ta bi ta ba, kuma tana da dalilinta.

Sallar bara, labari ya zo cewa mahara sun taso. Gari duka ya kwashe ya hau dutsen, da raguna da tukwane, aka yi layya a can a ɓoye. Washegari mata na tsakiyar suya sai mai tsaro ya gangaro yana haki, ya ce ya hango dawakai, a kashe wuta kada hayaƙi ko ƙamshi ya tona asirin mutane. Tukunyar Safiyatu cike take da kitse yana tafasa. Ta sure ta da tsumma, ta waiga, ta ga wani tsagi a jikin dutsen, ta juye a ciki. Ba bisimilla, ba a gafara. Ko yarinya ƙarama ta san ba a zubar da abu mai zafi a ƙasa ba tare da an ambaci Allah ba, don ba mu kaɗai ke zaune a duniyar nan ba. Amma tsoro ya kwashe mata hankali. Daga can ƙasa aka ji wani ɗan kuka siriri, sau ɗaya, ya ɗauke. Matar da ke kusa da ita ta ce rema ne, ɗan dabbar nan na cikin duwatsu. Mahara suka wuce ba su ga kowa ba, mutane suka sauko suna hamdala, zance ya mutu.

Safiyatu dai ta san kukan rema, kuma ba shi ta ji ba.

Yau da ta kai mararraba sai ta tsaya ta dubi rana. Saura ƙiris ta taɓa kan itatuwa. In ta bi rafi, duhu zai riske ta a daji da goyo. Ta ce a ranta dutse ai dutse ne, ta bi yanken.

Bazara ce, ƙasa na mayar da zafin da ta sha tun safe. Kurciyoyi na kuka a kan marke. Lami na ta gwaranci a baya, tana tsotsar bakin zani. Ƙamshin nama na fitowa ta gefen faifai. Safiyatu ta ɗaga ƙafa, ba ta ko kallon dama, inda dutsen yake tsaye baƙi ƙirin.

Ta shiga inuwarsa sai kurciyoyin suka yi shiru.

Gyare ma ya yi shiru. Ba abin da take ji sai takunta da numfashin Lami a wuyanta.

Sai ƙamshin ya sake. Ƙauri ne yanzu, irin na kitsen da ya zuba a wuta. Ta sauke ƙwarya ta ɗaga faifai. Nama lafiya lau. Ƙaurin daga gaba yake tahowa.

Wata mata na zaune a bakin tsagin, ta ba hanya baya. Doguwa ce, siririya, da goyo a lulluɓe har kai. Safiyatu ta dake ta yi sallama.

"Salamu alaikum. Barka da yamma, Inna. An yi Sallah lafiya?"

Matar ba ta ko juyo ba.

Safiyatu ta ɗebo nama cikin tafi ta miƙa, yadda ake yi wa duk wanda aka tarar a hanya ranar suya. "Ga ɗan rabon layya, Inna."

"Tun bara ban ci abin da wuta ta taɓa ba."

Muryar a hankali take, amma ba daga bakin matar ta fito ba. Daga cikin tsagin ta fito.

Matar ta juyo. Safiyatu ta sunkuyar da kai da sauri, don abin da ta fara gani a fuskar ya ishe ta: idanun a tsaye suke, ba a kwance ba.

"Dubi nan, Safiyatu."

Matar ta kwance lulluɓin, ta juyo da goyon gabanta. Yaro ne ɗan ƙarami. Daga kai har cibiya fatar ta saluɓe, ta tattare, tana ƙyalli da maiƙo. Ba ya motsi.

"Barci yake lokacin da kika zuba. Shekara guda ina goye da shi, bai ƙara kama nono ba."

"Ban sani ba," in ji Safiyatu. "Wallahi ban san da kowa a ciki ba. Mahara ne..."

"Mahara ba su taɓa mini ɗa ba."

Safiyatu ta nemi Ayatul Kursiyyu a bakinta ta rasa. Harshe ya yi nauyi. Da ƙyar ta fizgo kalma ɗaya. "Bisimilla."

"Bara ya kamata ki faɗe ta. Da kin faɗa, da na janye shi."

Matar ta miƙe tsaye. Ta yi ta miƙewa.

"Ranar da kika zuba, da ciki gare ki, ke ma ba ki sani ba. Ni na sani. Shi ya sa na jira."

Majanyi ya warware da kansa.

Safiyatu ta ji Lami na zamewa, ta yar da ƙwarya ta cafko ta, ta manna ta a ƙirji. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ido ta zuba wa matar tana murmushi, har tana miƙa mata hannu.

Cikin tsagin wani abu ya fara ƙara. Ɓal. Ɓal. Ɓal.

Kitse ne yake tasowa, yana tafasa, da zafinsa kamar yanzu aka sauke shi. Ya cika tsagin har baki.

"Miƙo ta."

"A'a."

"Miƙo ta ta kwanta inda nawa ya kwanta."

Safiyatu ta so ta ruga, ƙafafu suka ƙi. Hannuwan matar suka taho a hankali, dogaye, har suka taɓa diddigen Lami. Yarinyar ta yi dariya.

Nan ne zuciyar uwa ta tashi. Tsoron bai tafi ba, amma haushi ya hau kansa.

"Mi ta yi miki? Lokacin ko haihuwarta ba a yi ba." Ta mayar da Lami hannun hagu, ta ɗaga na dama. "Wannan ne ya zuba. Ga shi."

Ta durƙusa ta tsoma shi cikin tsagin har wuyan hannu.

Ba zan tsaya kwatanta muku wannan ba. Duk macen da mai ya taɓa fantsar wa a yatsa ta san kaɗan daga ciki. Safiyatu ta ciji leɓe har jini ya zubo, ba ta cire ba. Ta ji warin namanta. Ba ta cire ba.

Matar ta tsuguna tana kallonta, ba gaggawa. Sai da rana ta gama faɗuwa sannan kitsen ya fara komawa ƙasa.

"Ba ki biya ba," in ji muryar. "Hannu ba ɗa ba ne."

Ta mayar da yaronta baya, ta lulluɓe shi da kyau, tana gyara masa wuya.

"Tafi da ita. Amma duk shekara, rana irin ta yau, ki kawo mini ita in ga inda nawa zai kai da yana raye. Kada in ji warin wuta a jikin dutsena. Shekarar da ba ki kawo ta ba, ni zan taho."

Abin da ya riƙe ƙafafun Safiyatu ya sake su.

Safiyatu ta kwasa da gudu, Lami a hagu, bakin zani a haƙora. Ba ta waiga ba. A ƙofar mahaifiyarta ta faɗi. Asta ta fito da fitilar aci-bal-bal, ta haska hannun, ta yi salati, ba ta tambayi komai ba sai da ta karɓe jikarta ta duba ta ciki da baya.

Hannun ya warke a dunƙule. Bai sake riƙe muciya ba, bai sake ɗaura majanyi ba.

Da shekara ta zagayo, Sahabi ya rantse ba inda za a kai masa ɗiya. Ya karɓo rubutu wajen malami, ya rataya wa Lami laya, ya zauna a ƙofar ɗaki da kwari da baka, sai ka ce abin da ke tafe kibiya na kama shi. Ranar ya hana a hura wuta a gidan gaba ɗaya. Rana na yin ja, tsohuwar tukunyar suya da ke kife a bayan ɗaki ta fara ƙara. Ɓal. Ɓal. Suka leƙa ɗaki suka tarar da tukunyar a zaune a gefen tabarmar Lami, cike, tana tururi. Sahabi da kansa ya saɓi yarinyar ya yi hanyar dutse a guje, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Daga shekarar ba a sake gardama ba. Safiyatu ba ta iya zuwa ita kaɗai, sai maƙwabta suka riƙa raka ta. Ai su ma sun san don su aka juye tukunyar. A yi suya da safe, a kashe wuta, a bari nama ya huce sarai, a dama fura, a tafi da rana tsaka. A shimfiɗa tabarmi a gindin dutse, a tsayar da Lami a bakin tsagin, a ɗan jira. Wasu shekarun ba a jin komai. Wasu kuwa murya kan fito a hankali ta ce, "Ta girma."

A haka Lami ta yi tafiya, ta yi kitso, ta yi aure, ta haihu, ta yi furfura, duk a gaban tsagin nan. Raka Safiyatu ya koma yawon Sallah. Har yau mutanen ƙauyen na fita dutsen washegarin layya da sababbin kaya, samari na ta iyayi a gaban 'yan mata, har baƙi na zuwa daga nesa don a ce da su aka hau. Ka tambaye su me ya sa ake cin nama da sanyi a wurin, su ce maka ya fi daɗi a haka. Kai, Allah Ya shirya.

Abin da ba a cika gaya wa baƙi ba shi ne shekarar da Lami ta rasu, tana tsohuwa tukuf. Mutane suka fita kamar kullum, aka shimfiɗa tabarmi, aka buɗe ƙore. Ba wanda ya je bakin tsagin, don ba wadda za a tsayar. Rana ta fara ja, ana naɗe tabarmi, sai ƙauri ya taso. Murya ta fito a hankali, kowa ya ji ta.

"Wa za ku kawo mini yanzu?"

Kowace uwa ta cafki nata. Tun daga ranar, in gari ya fita dutse, masu ciki da masu goyo a gida suke wuni, ƙofa a rufe.