Gwajin da Na Nuna wa Malam Hashimu

Ku matso kusa. Ladidi, kife wayar nan, ba na son haskenta. Wannan ba "an ce" ba ne, ni Tasi'u ya faru da ni, kuma har yau kunyarsa nake ji.

Kun san sana'ata, sai da kwamfuta 'yar hannu. Akwai shafin intanet da ake gwada ƙarfin na'ura, ya ba ta maki, ya jera ta da sa'o'inta. To ni hoton makin wata ƙaƙƙarfar na'ura na ajiye. Mai saye ya ce a gwada, sai in buɗe hoton ya cika fuska.

Haka na yi wa Malam Hashimu, wani dattijo malamin firamare. 'Yarsa Barira na ajin ƙarshe a jami'a, zanen gine-gine take karanta, ita ya zo saya wa na'ura. Ya ce, "Ɗana, za ta ɗauki aikin?" Na nuna masa makin ƙarya. Ya saya, har albarka ya sa min.

Bayan wata biyar, wata magariba, kowa a layinmu ya tafi masallaci. Ni na tsaya rufe shago. An ɗauke wuta. Sai ga wani dogon mutum da na'urar nan a hammata. Na gane ta da tsagar murfinta.

Bakinsa ya motsa. Shiru. Sai can muryar ta iso.

"Gwada min."

Na ce, "Baba, ba wuta, ba caji."

"Gwada."

Na sunkuya neman wayar caji a ƙarƙashin tebur. Kofato na gani a ƙafafunsa, guda biyu, babu takalmi. Na nemi addu'a a bakina na rasa.

Na'urar ta kunna kanta. Shafin ya buɗe, layi biyu gefe da gefe. Ɗaya makin da na nuna wa Malam, ɗaya nata na gaskiya. Ko rabin rabi bai kai ba.

"Ana jibi Barira za ta miƙa aikinta na'urar nan ta mutu a hannunta," in ji shi. "Shekara ta maimaita."

Da na ɗago, babu kowa. Na'urar kawai ya bari. Tana shagona yanzu, ba batir a cikinta, amma duk ranar da na soma yabon kaya fiye da ƙima sai fankarta ta fara kuka.

Washegari na ɗauki mafi kyawun na'urata, na yi ta tambaya har gidansu. Barira ta fito. Na ce ina Malam, gafararsa na zo nema.

Ta ce, "Ai Baba ya rasu, jiya muka yi sadakar bakwai. Kai ne mai shagon? Kullum Baba cewa yake ba laifinka ba ne, yaron kirki ne kai, har gwaji ka nuna masa."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Kada ɗayanku ya yarda magariba ta same shi shi kaɗai a layin nan. Ku tashi ku kwanta, ni ba yanzu zan yi barci ba.